Kundin Aikin 'Yan Ajin Ƙarshe: Bidiyo a Gida, Aiki a Aji, da Shirin Abin da Ke Gaba

9 ga Satumba, 2024

Yau muka fara sabon tsari da 'yan ajin ƙarshe na sakandare a darasin lissafi. Bayanin da na saba tsayawa gaban allo ina yi zai koma gajeren bidiyo, su kalla kafin su zo. Lokacin aji kuma na aiki ne: su warware tambayoyi, ni ina zagawa tsakanin kujeru. Darasi ɗaya a kowane mako na ware shi domin maganar jami'a da sana'a.

Tsofaffin ɗalibaina ne suka sa na shiga wannan aiki. Duk wanda ya dawo hutu daga jami'a na tambaye shi me ya fi ba shi wahala, da wuya ya ce karatun ne. Abin da suke faɗa kusan ɗaya ne: babu mai bin ka. Malami ya shigo ya yi laccarsa ya fita, ya ce a karanta babi kaza, ba zai tambaye ka gobe ko ka karanta ba, sai ranar jarrabawa. Mu kuwa shekara da shekaru muna riƙe da hannun yaro, mu rubuta masa a allo ya kwafa, mu tuna masa, mu bi shi, sannan rana ɗaya mu sake shi mu ce ya san inda ya dosa. Ina so su koyi ɗaukar nauyin karatunsu tun suna gabana, lokacin da tuntuɓe bai da tsada.

Tsarin ba ni na ƙirƙiro shi ba. Wasu malaman kimiyyar sinadarai biyu, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, sun fara naɗar darussansu a 2007 a wata sakandare da ke Woodland Park, jihar Colorado ta Amurka, da farko domin ɗaliban da wasanni ke sa su rasa aji. Daga baya suka lura cewa lokacin da bidiyon ya samar musu a cikin aji ya fi bidiyon kansa daraja.

16 ga Satumba

Naɗar bidiyo ba ta buƙaci kayan aiki ba. Farar takarda a kan tebur, waya a ɗaure sama da ita tana kallon ƙasa, alƙalami mai kauri. Hannuna kawai ake gani, da muryata. Kowane bidiyo bai wuce minti shida ba, kuma da gangan ne. Philip Guo da abokan aikinsa sun bi diddigin kallon bidiyo kusan sau miliyan 6.9 a edX, dandalin kwasa-kwasan jami'a ta intanet, suka wallafa a 2014 cewa komai tsawon bidiyo, matsakaicin mai kallo ba ya wuce kusan minti shida yana biye da shi. Sun kuma ga cewa bidiyon da ake rubutu da hannu ana bayani ya fi riƙe mai kallo a kan wanda ake nuna shafukan da aka riga aka tsara.

Ba kowa ke da data ba, ba kowa ke da wayar kansa ba. Na rage nauyin fayilolin yadda za a iya tura su daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba. Tsohuwar kwamfutar ɗakin karatu kuma mun ɗora mata Kolibri, manhajar kyauta ta ƙungiyar Learning Equality, wadda aka gina domin ta yi aiki inda babu intanet. Wanda bai samu kallo a gida ba yana da lokacin tara.

25 ga Satumba

Da yawa suna zuwa ba su kalla ba. Wasu kuma sun kalla, amma irin kallon da ake yi wa bidiyon barkwanci, a kwance, ana taɗi. Ka tambaye su me aka ce, sai su yi zuru.

Na yanke abu biyu. Na farko, ba zan maimaita bayanin a gaban allo ba, domin ranar da na yi haka na gaya wa waɗanda suka kalla cewa sun ɓata lokacinsu. Wanda bai kalla ba zai zauna a kusurwar aji da abin sauraro a kunne, ya kalla, sannan ya shigo cikin aikin. Babu faɗa, babu horo. Ganin 'yan uwansa sun yi nisa ya ishe shi.

Na biyu, yau darasin gaba ɗaya na koyar da yadda ake kallon bidiyon karatu. Na kunna a gabansu, na tsayar bayan daƙiƙa arba'in, na rufe takardar, na gwada matakin da kaina, na mayar baya inda ban gane ba. Sannan na ba su tsarin da za su riƙa zuwa da shi kullum, layi uku a littafi: abin da na gane, mintin da na maƙale, tambaya ɗaya. Layi na biyu shi ne ya fi yi mini amfani. Yaron da ya ce "ban gane ba" bai ba ni komai ba. Wanda ya ce "Malam, a minti na uku, inda ka mayar da lambar ɗaya ɓangaren, me ya sa alamar ta canza?" ya riga ya yi rabin aikin. Wannan ita ce tambayar da za a iya kai wa malamin jami'a a ofishinsa, ko a kai wa shugaba a wurin aiki, a samu amsa.

7 ga Oktoba

Ranar da ta fi kowace daɗi zuwa yanzu. Na gwada hanyar da Eric Mazur, malamin fiziks a Jami'ar Harvard, ya fara amfani da ita a farkon shekarun 1990, bayan ya gano ɗalibansa na iya cin jarrabawar lissafe-lissafe alhali ba su fahimci ainihin ma'anar abin ba. Ka ba da tambaya ɗaya, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai, sannan ya nemi wanda amsarsu ta saɓa ya shawo kansa, sannan a sake zaɓe.

Tambayata ita ce: tanki na da lita 100 na ruwa. An ƙara masa kashi 20 cikin ɗari. Daga baya aka rage kashi 20 cikin ɗari na abin da ke ciki. Ya koma 100, ya fi, ko bai kai ba? A zaɓen farko mafi yawan aji sun ce ya koma 100. Ban ce uffan ba. Na ce su juya.

Na tsaya kusa da wasu biyu. Yaron yana cewa, "Abin da aka ƙara shi aka cire, ina rigimar take?" Yarinyar, wadda tun farkon zango ban taɓa jin muryarta a aji ba, ta jawo littafinsa ta rubuta 120, ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Kashi ashirin na wannan nawa ne? Ba na ɗari ba, na wannan." Ya yi shiru yana lissafi da leɓe. Ya ce, "Ashirin da huɗu." Ta ce, "To cire." Ya rubuta 96, ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya juya wa na bayansa ya fara yi masa bayani da ƙarfi kamar shi ya gano. A zaɓe na biyu kusan kowa ya dawo hanya.

Da ni na faɗa daga gaban allo, da sun rubuta 96 sun manta. Wanda ya fahimci abu minti biyu da suka wuce yana tune da inda ya maƙale, ni kuwa na daɗe da mantawa. Kuma a tsohon tsari ba ni da minti goma sha biyar ɗin da zan ba tambaya ɗaya, domin bayani ya cinye su.

18 ga Oktoba

Kwamfutar ɗakin karatu ta ƙi tashi. Kafin a gyara, na rubuta abin da ke cikin bidiyoyin wannan mako a takarda mai shafi ɗaya, mataki-mataki, aka buga aka raba. Tsarin layi uku yana nan yadda yake. Wasu sun ce takardar ta fi musu, don haka za ta ci gaba da fita tare da kowane bidiyo.

29 ga Oktoba

Darasin shirin gaba ya fara kama ƙasa. A makon farko na ce kowa ya rubuta aikin da yake so. Likita, lauya, injiniya, sai 'yan kaɗan da suka ce soja ko matuƙin jirgi. Ba laifinsu ba ne, mutum ba ya burin abin da bai taɓa jin sunansa ba.

Mun yi amfani da rabe-raben John Holland, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka da ya fara fitar da ra'ayinsa a 1959. Ya kasa sha'awar aiki gida shida: masu son aikin hannu da na'ura, masu son bincike, masu ƙirƙira, masu hidimar mutane, masu jagoranci da shawo kan jama'a, da masu son tsari da ajiye bayanai. Na gaya musu tun farko cewa wannan ba hukunci ba ne a kan kowa. Ban yarda takardar tambayoyi ta yanke wa ɗan shekara goma sha bakwai makomarsa ba, kuma ina jin haushin yadda wasu ke amfani da ita haka. Amfaninta a wurina shi ne ta buɗe baki.

Aikin da na ba su shi ne bin hanya daga ƙarshe zuwa farko. Ka zaɓi aiki uku, ɗaya dole ya zama wanda ba ka san shi ba kafin yau. Ga kowanne ka nemo: wane kwas ake karantawa, shekara nawa, waɗanne darussa ake buƙatar ka ci a sakandare, yaushe ake rufe neman gurbi. Wata da ta rubuta likita ta dawo da sunayen ayyukan asibiti da ba ta san da su ba: mai ɗaukar hoton ƙashi, mai gwaje-gwaje a ɗakin bincike, mai gashin ƙashi da motsa gaɓɓai. Wani kuma ya gano cewa kwas ɗin da yake buri na buƙatar darasin da ya yi watsi da shi tun bara. Fuskarsa ta canza. Amma gara ya sani a Oktoba, akwai sauran lokacin gyara.

12 ga Nuwamba

Ƙorafi ya yi yawa kan gajeren gwajin da nake buɗe kowane darasi da shi. Tambaya biyar, littafi a rufe, biyu daga jiya, biyu daga makon jiya, ɗaya daga watan jiya. Ba na saka makinsa a sakamako, amma duk da haka suna cewa, "Malam, ka bari mu duba littafi tukuna."

Na ba su labarin binciken. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo. A 2006 kuma Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis suka ba ɗalibai gajeren rubutu. Wani lokaci su sake karantawa, wani lokaci su rufe su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar, sake karatu ne a gaba: an tuna kashi 81 cikin ɗari na rubutun, gwada tunawa kuma 75. Bayan mako ɗaya abin ya juye: gwada tunawa ya ba da kashi 56, sake karatu 42. Wato hanyar da ta fi daɗi a daren jarrabawa ita ce ta fi saurin zubewa. Sake karanta shafi yana sa ka ji kamar ka iya, don idonka ya saba da shi.

Wasu sun fara yin katunan tambaya da kansu, tambaya a gaba amsa a baya. Na nuna musu tsarin akwatuna na Sebastian Leitner: katin da ka ci ya matsa akwatin gaba, ka jima ba ka sake ganinsa ba, wanda ka faɗi ya dawo na farko.

26 ga Nuwamba

Taron iyaye. Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Malam, mu kullum faɗa muke yi su ajiye waya, kai kuma ga shi kana tura su gare ta. Ta yaya zan san karatu yake yi?" Tambayar ta cancanci amsa ta gaskiya. Na ce, "Baba, bidiyon minti shida ne. In ya wuce rabin sa'a da waya a hannu da sunan darasina, ba darasina yake yi ba. Ka ce ya nuna maka layi ukun da ya rubuta. Ko ba ka san lissafin ba, za ka ga ko ya rubuta."

Na kuma gaya musu ban ɗauki na'ura a matsayin magani ba. Rahoton da Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta fitar a 2009, aka sabunta a 2010, ya tattara bincike da dama ya ga haɗa aji da intanet ya fi aji zalla sakamako. Amma marubutan da kansu sun ja kunne cewa azuzuwan da aka haɗa sau da yawa sun sami ƙarin lokaci da ƙarin kayan karatu, kuma yawancin binciken a kan manya aka yi, ba 'yan sakandare ba. Kwasa-kwasan intanet na kyauta ma shaida ne. Wani nazari da aka wallafa a 2019 kan kwasa-kwasan jami'o'in MIT da Harvard na Amurka a edX ya nuna kusan kashi 3 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka shiga a shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018 suka kammala. Darasi mai kyau yana nan birjik a intanet. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai lura ka ɓace ya neme ka.

10 ga Disamba

An gama jarrabawar zango. 'Yan tsakiya ne suka fi motsawa, musamman masu shiru-shiru da a da ba sa ɗaga hannu. Na sama suna nan a sama, sai dai yanzu suna gaba da jadawali. Damuwata tana kan 'yan ƙasa. Zama kusa da su ya nuna mini abin da tsayuwa gaban allo ke ɓoyewa: matsalarsu ba darasin bana ba ce. Akwai wanda ke rubuta cewa rabi da sulusi in an haɗa biyu bisa biyar ne, yana tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Ramin tun firamare yake, kuma duk abin da aka gina a kansa yana rawa.

Benjamin Bloom, masanin ilimi na Amurka, ya rubuta a 1984 cewa ɗalibin da aka koyar shi kaɗai, ba a wuce da shi gaba sai ya ƙware, yana zarce kusan kashi 98 cikin ɗari na 'yan aji na yau da kullum. Binciken da ya biyo baya bai sami tazara mai girma haka ba, amma ya tabbatar koyarwar mutum da mutum tana da tasiri sosai. Ba zan iya ba kowa malaminsa ba. Abin da zan iya shi ne minti goma a kowane darasi da rukunin nan, yayin da sauran ke aiki. Zango mai zuwa za su sami nasu jerin bidiyoyin na tushe, ba tare da an sanar wa aji ba.

13 ga Janairu, 2025

An dawo, kuma lokacin cike fom na neman gurbin karatu ya kama. Na daina ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin abu tun da na karanta gwajin da Eric Bettinger da abokansa suka yi a jihohin Ohio da North Carolina na Amurka, aka wallafa a 2012. Iyalai marasa ƙarfi aka raba rukuni-rukuni. Wasu aka ba su bayani kawai kan tallafin karatun da za su iya samu. Wasu kuma aka zauna da su aka cike fom ɗin neman tallafin tare. Bayani kaɗai kusan bai canza komai ba. Zaman cike fom kuwa ya ƙara yawan matasan da suka shiga kwaleji da kusan 8 a cikin kowane ɗari.

Don haka muka zauna. Kowa ya buɗe adireshin imel mai ɗauke da sunansa na gaskiya, ba laƙabin wasa ba. Kowa ya jera takardunsa ya duba ko sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a dukkansu, kuma mun sami waɗanda harafi ɗaya ya bambanta, abin da kan tsayar da mutum a ƙofar rajista. Mun koyi ɗaukar hoton takarda a miƙe, da rage nauyinsa. Mun rubuta wasiƙar imel ta neman bayani: gaisuwa, ko kai wane ne, me kake so, godiya, cikakken suna. Wasu sun rubuta dukan saƙon a layin take. Mun gyara. A bangon aji yanzu akwai babban jadawalin wa'adi, kowa da layinsa.

28 ga Janairu

Ba kowa zai tafi jami'a ba, kuma ba na so wanda ya zaɓi sana'a ya ji kamar ragowa ne. Na ba su misalin Jamus, inda matashi ke sa hannu a yarjejeniya da kamfani, ya yi kwana uku ko huɗu na mako a wurin aiki, sauran a makarantar sana'a, tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, ana biyansa alawus, ya fita da shaidar da ƙasa ta amince da ita.

Mun fara kiran ma'aikata ta bidiyo, minti ashirin, ɗalibai ne ke tambaya. Na farko mai haɗa wutar sola ce. Na hana tambayar "kina jin daɗin aikinki?" Na ce su tambayi abin da ta yi jiya daga safe zuwa yamma, da abin da ta so a ce ta koya tun tana makaranta. Ta ce lissafin kashi da na awo, domin kullum sai ta auna nauyin wutar gida kafin ta san yawan faifai da batir. Wani yaro da ya daɗe yana cewa lissafi ba ya cikin sana'arsa ya nemi bidiyoyin tushe bayan an tashi.

17 ga Fabrairu

Na fara sassauta igiya. Babi guda na ba su gaba ɗaya: bidiyoyi, takardun aiki, da ranar gwaji bayan mako biyu. Babu aikin gida na kullum. Kowa ya rubuta jadawalinsa ya ba ni kwafi. Ƙofata a buɗe take, amma ba zan bi kowa ba.

Wasu sun raba aikin daidai. Wasu sun tara shi sai kwana biyu kafin gwaji, kuma ya nuna a takardunsu. Bayan gwajin muka zauna, kowa ya ɗora jadawalin da ya rubuta kusa da abin da ya yi a zahiri. Yarinyar nan ta tambayar tanki ta ce, "Malam, na rubuta zan yi da dare, alhali na san da dare barci nake ji." Ta mayar da nata da asuba. Wannan gwaji ba zai shiga sakamakon ƙarshe da nauyi ba, kuma za a sake yi da babi na gaba.

Na kuma yi musu lacca ta minti hamsin ba tsayawa, ba rubutu a allo sai 'yan kalmomi, su ɗauki bayani da kansu. Da aka kwatanta littattafai, masu ƙoƙarin rubuta kowace kalma ne suka fi rasa zaren.

3 ga Maris

Inda aka tsaya: yawancin aji na zuwa da layi ukunsu ba tare da na tambaya ba, kusurwar masu abin sauraro ta kusa zama fanko. Rukunin tushe sun gama lissafin ɓangarori irin su rabi da sulusi, sun shiga kashi cikin ɗari, amma akwai biyu da har yanzu ba sa zuwa kullum, kuma sai na ga iyayensu. Babi na biyu na cin gashin kai zai fara mako mai zuwa, wannan karon na mako uku.

Abin da nake shiryawa yanzu shi ne bayan sun bar hannuna. Benjamin Castleman da Lindsay Page sun nuna cewa a Amurka kimanin kashi 10 zuwa 20 na waɗanda suka gama sakandare da niyyar shiga kwaleji ba sa bayyana ranar buɗewa, kuma abin ya fi ƙamari a tsakanin 'ya'yan marasa ƙarfi. Takarda ɗaya da ba a miƙa ba, ko wa'adi ɗaya da ya wuce, ya isa. Sun kuma gwada tura gajerun saƙonnin waya na tunatarwa, tare da lambar wanda za a tuntuɓa, suka ga ya taimaka a wuraren da ɗalibai ba su da mai ba su shawara. Na fara rubuta namu saƙonnin, kowanne da ranar da zai fita daga jadawalin bango. Gobe zan karɓi lambobi, na ɗalibi da na babba ɗaya a gidansu, kuma tsofaffin ɗalibai huɗu da ke jami'a sun yarda kowannensu ya riƙe rukuni ɗaya har zuwa ƙarshen zangonsu na farko.